Allura a Bakin Mayafi

A gidan tarihi malama tana nuna wa ɗalibai tsohon bargon ƙyallaye, ɗinkin hannu. Ni wata tsohuwa nake kallo, siririya, da lakar unguwar Gassi a takalmanta. Da alama jika ta rako. Idonta yana kan gefen bargon da ya warware. Sai ta zaro allura daga bakin mayafinta, ƙafarta ɗaya ta ƙetare igiyar tsaro.

Mai gadi ya taso. "Iya, ba a taɓawa!"

"A yage za ku nuna wa yara?"

Malamar ta ce, "Haka muke ajiye shi, Iya."

Ba ta janye ƙafar ba. Ina zaton yagaggen abu bai taɓa kwana a ɗakinta ba. Ɗaliban sun manta da bargon, allurar da ke yatsunta suke kallo.