Matar da Ke Karanta Toka

Shekara uku ke nan ina zaune a tagar rumfar sayar da ruwa ta unguwarmu, can kan tudu a arewacin birnin Ulanbator inda famfo bai kai gidaje ba. Kowa sai ya turo kurarsa ya zo wurina, kuma mai jiran jarka ta cika ba ya iya yin shiru. A nan na san Inna Norjmaa, daga bakinta da kuma bakin maƙiyanta, waɗanda suka fi yawa.

Ita ce babba a gidansu. A karkara aka haife ta. Tana da shekara goma sha biyar wani mugun sanyi ya kashe musu garke kaf, mahaifinsu ya naɗe tantinsu, ya ɗora murhun ƙarfensa a mota, suka taho birni. Daga baya ta samu aikin zuba kwal a tukunyar ɗumama wata makaranta, ta yi shekara ashirin da biyu a gaban wuta. Abu biyu ta fito da su: ƙirji mai kuka kamar tsohon zugazugi, da idon sanin kwal wanda babu mai irinsa a unguwa.

Da hayaƙin hunturu ya kai mutum ba ya ganin ƙarshen layinsu da rana tsaka, gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal, ta ce kowa ya koma curin kwal da ake sayarwa a buhu. Ofishin unguwa ya ba Inna Norjmaa riga mai sheƙi da ɗan littafi, aka ce ta riƙa zagayawa.

Ba ta shiga gidan kowa. A wurinmu buɗe murhun wani cin mutunci ne, ta kuma san haka. Toka kawai take bi. Tokar curi laushi gare ta kamar gari, ta ɗanyen kwal kuwa da tsakuwa ja-ja a ciki. Sai ta tsuguna a bakin shinge inda ake zubar da ita, ta murza da yatsa, ta rubuta.

"Ga hancin gwamnati nan tafe," in ji masu layi in sun hango ta.

"Inna, yau ƙofar wa za ki shinshina?" wani direba ya taɓa tambayarta.

"Taka, in ka gama tarin."

"To motocin manya da suka cika gari fa? Su turare suke fitarwa? Sai murhun talaka kika iya gani."

"Ka kawo min tokarsu in duba," ta ce, ta miƙo min jarkarta. Babu wanda ya yi dariya. Mata suka ja kurarsu baya kamar tana ɗauke da cuta.

A tsakiyar hunturun bara ta rubuta sunan Yanjin, wata mai ɗinki da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ma'aikata suka zo suka birkice mata gida, ba su sami ko ƙwaya ɗaya ta ɗanyen kwal ba, amma suka ci ta tara, suka kafe sunanta a allon ofis. Kwana biyu bayan haka suka haɗu a gaban tagata.

Yanjin ba ta gaishe ta ba. Ta sauke wani abu daga kurarta, ta jefa shi gaban ƙafar Inna Norjmaa. Dunƙulen toka ne da aka zuba wa ruwan wanke-wanke, ya daskare ya ɗauki siffar bokitin da aka juye shi.

"Malama mai karatu, karanta min wannan."

"Ɗanye ne."

"Na ji. Da safen nan na same shi a bakin shingena, wurin da kika samu na farko. Ni bokitina na roba ne, ƙarami. Dubi girman wannan. Duk unguwa an san bututun da ke baƙin hayaƙi da asuba, ke kaɗai ce makauniya a wannan layin. Ko idon naki yana da ɗan'uwa ne?"

Inna Norjmaa ta tsuguna ta juya dunƙulen. A gefensa akwai wani lotsawa mai faɗin tafin hannu. Na ga ta sa hannunta a wurin ta daɗe. Daga baya ta gaya min cewa dokin mahaifinsu ne ya harbi bokitin tun tana yarinya, ita ce ma ke riƙe da shi ranar.

Bokitin yana gidan Damdin, autansu. Auta ke gadon murhun uba, don haka tantin Damdin shi ne gidansu gaba ɗaya, kuma wurin da ya rage wa Inna Norjmaa ke nan a unguwar da za ta shiga a miƙo mata shayi da hannu biyu.

"Tuvshin, rufe tagar nan ka biyo ni," ta ce min. "Doka ta ce sai da shaida, kuma waɗannan ba mai zuwa."

Damdin yana zaune a ƙuryar tanti lokacin da muka shiga. Tsohon mai haƙar kwal ne, dokar ta rufe ramin da yake ci da shi. Ya dubi rigar yayarsa, ya dube ni. Matarsa ta miƙa hannu wajen butar shayi, ya ce, "Bar shi. Ma'aikata ba su shan shayi a bakin aiki."

"Damdin, tokarka kake kaiwa ƙofar Yanjin?"

"Toka ai ba ta da suna, Yaya."

"Bokitin Baba yana da shi."

Ya nuna matarsa da haɓa. "Kin manta hunturun farko na dokar nan? Wannan curin naku ne ya kwantar da ita a nan, leɓenta ya yi shuɗi, na goya ta har bakin titi. Ina littafinki ranar? Ni ba zan sake kwana da abin da ke kashe mutum ba wari ba hayaƙi. Gara wanda nake gani."

"Na ce ka gyara bututu, ka daina toshe shi in za ku kwanta. Ka gyara?"

"Ke za ki koya min wuta?"

"Ni na koya maka hura ta. Matsoraci kawai. Ka ƙona abinka, ka kai wa marayu tokar."

Ta nufi murhun. Damdin ya miƙe tsaye.

"Wutar Baba ce wannan. Kin yi aure kin bar gidan nan. In kika sa hannu, to kin sa ke nan."

Ta tsaya. Ina jin ƙirjinta yana kuka. Ni dai ƙasa nake kallo, ina fatan ta juya, don na san babu wata ƙofa bayan wannan. Sai ta ja hannun rigarta ta rufe yatsunta, yadda ake yi in za a taɓa abu mai daraja, ta ɗaga murfin. Baƙin dutse yana ci a ciki. Ta mayar da murfin a hankali, ta rubuta, ta miƙo min na sa hannu.

"Tuvshin," in ji Damdin, "gaya wa matar nan ta kula da dokin ƙofa in za ta fita. Baƙi sukan yi tuntuɓe."

An cire sunan Yanjin daga allo, an kwashe kwal ɗin Damdin. Na zaci unguwa za ta sassauta mata, amma sai abin ya ƙaru. Waɗanda suka ce tana rufa wa ɗan'uwanta asiri su ne suka koma cewa, matar da ta buɗe murhun ubanta me za ta bar wa bare? Yanjin ma har yau ba ta gaishe ta.

Da Farin Wata ya kama, wato bikinmu na sabuwar shekara, ƙanana ke zuwa gaida manya, su tallafi gwiwar hannunsu don girmamawa. Inna Norjmaa ta naɗe buuz ɗari biyu, wato ƙullun fulawa da ake turarawa da naman tunkiya a ciki, ta sa rigarta ta siliki, ta zauna kwana uku. Damdin bai zo ba. A rana ta huɗu ta kawo min buuz cike da leda, ta ajiye a taga.

"Ci, kada su lalace."

Tana nan tana aikinta. Sai dai yanzu kullum ita ce farkon zuwa rumfata, tun kafin in gama buɗe taga, ko da ba ta sha rabin ruwan jarkarta ba. Daga nan ana hango bututun Damdin. Curi yake ƙonawa yanzu, kuma bai gyara bututun ba. Takan tsaya cikin sanyi tana tari, idonta a can, ba ta motsawa sai siririn hayaƙi ya fito.

"Sun tashi," takan ce. Sannan ta ja kurarta.