Me Ƙasa Ta Ce?

Ranar wata Litinin ce, washegarin ruwan farko, a shekarar da aka fara ɗora mini tallan mazarƙwaila, tun Turawa na mulki. Ina zaune a gindin durumin makarantar elementare ta ƙauyenmu, can wajen Dandamisa, faifai a kan cinya, ina korar ƙuda ina jiran a fito tara. Ni ba a sa ni boko ba. Yayana Habu ne dagaci ya nuna da sanda lokacin da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro. Duk abin da na sani na makarantar nan ta taga na ji shi: Malam Dogo ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya, ya sake faɗa, su sake amsawa, kamar kwaɗin fadama. Har ni mai talla na haddace sunayen tekuna, ba tare da na san ko ana shan ruwansu ba.

A ranar sai Malam ya fito da su gonar makaranta da ƙwaryar irin dawa a hannu. Ya ce littafi ya ce da zarar ruwa ya sauka a yi shuka, don haka kowa ya ɗauki sungumi.

To, a gidanmu ba haka ake yi ba. In an yi ruwa, Baba yakan tasa mu gaba zuwa gona, mazanmu da matanmu, ya sa kowa ya durƙusa ya tona da hannunsa, sannan ya ce, "Me ƙasa ta ce?" Bai taɓa faɗa mana amsa ba. In ka ce a shuka, sai ya ce don me; in ka ce a dakata, sai ya ce har yaushe. Da haka muka gane da kanmu cewa lemar da ta tsaya a yatsu ruwan yaudara ne, sai ta wuce wuyan hannu ake amince mata da iri. Inna ma haka take: ta buɗe daddawa ta ce in sansana in faɗa mata ko ta nuna ko sai ta ƙara kwana. In na yi kuskure ba ta duka, sai ta bar ni in ci miyar.

Da wannan tarbiyya Yaya Habu ya tsuguna a gonar makaranta ya tona. Ina hangen sa. Lema ba ta wuce gaɓar yatsa ba, ƙasanta busasshiyar turɓaya. Ya miƙe ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, lemar ba ta sauka ba. Ko a shuka kunya biyu yau, a bar biyu sai an sake ruwa, mu ga wadda za ta yi?" Ku duba maganar nan, ina rashin kunya a cikinta? Malam ya ce, "Au! Ɗan ƙauye zai koya wa littafi noma? Wa ya tambaye ka?" Ya sa manyan yara huɗu suka ɗaga shi sama, biyu hannu biyu ƙafa, ya zuba masa tsumagiya har sai da ta karye. Faifaina ya kife ban sani ba, mazarƙwailar mutane ta yi birgima cikin ƙasa.

Aka shuka gonar duka. Dawa ta tsiro shar, rana ta buɗe ta yi kwana da kwanaki, tsiron ya murɗe ya ƙone ƙurmus. Ni da wautar ƙuruciya na ɗauka Malam zai kira Yaya ya ce, "Kai, yaya aka yi ka sani? Zo ka nuna wa 'yan'uwanka." Ko da haka kawai ya yi, da ajin nan ya koyi abin da ya fi tekunan. Ina! Cewa ya yi yara ne ba su zurfafa rami ba, ya bi su da bulala ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Habu, wai shi ne mai baƙin bakin da ya kori ruwa. Yara suka daina sa shi a langa. Na roƙi Baba ya je ya yi magana, ya ci gaba da shafa wa Yaya man kaɗanya a baya, can ya ce, "Talatu, gidan da hakimi ya gina ba talaka ke gyara masa katanga ba."

Daga nan Yaya ya koyi darasin da aka so ya koya. Ya rufe bakinsa, ya buɗe shi wajen amshi kawai, ya yi ta zuwa na ɗaya har aka tura shi Zariya. Mutane suka cika zaurenmu da barka. Bayan shekaru ya dawo malamin gona, da keke da wandon kaki, da takarda mai ɗauke da ranar shuka auduga. Ranar ta zo, ƙasa a bushe. Baba, ya tsufa a lokacin, ya kama wuyan hannunsa ya ja shi ƙasa ya ce, "Habu, me ƙasa ta ce?" Yaya ya zare hannunsa a hankali, ya kakkaɓe, ya ce, "Baba, abin da aka rubuto ke nan." Baba bai ƙara tambayar sa ba har ya koma ga Allah. Malam Dogo ma ya daɗe da rasuwa, kuma an ce a yafe wa mamaci. Bulalar na yafe. Rufe bakin Yaya da ya yi dai, har yanzu ina fama.

Yau makarantar ta samu kwano da benci, mata ma suna shiga, amma in na wuce amshin nan dai nake ji yana fitowa ta taga. Jikokina sukan zo su zuba mini karatu kamar ruwa, in na ce "don me?" sai su tsaya suna kallon juna. Shi ya sa duk ranar da aka yi ruwan farko nake tasa su zuwa bayan gida, in sa su durƙusa su tona, ni kuma in yi shiru in jira, yadda Baba yake yi. Ƙasa ba ta daina magana ba, masu tambayar ta ne suka yi ƙaranci.