Bangon 'Yardada da Allunan Zaharaddeen

Duk unguwar Soron Ɗinki babu hanci irin na Zaharaddeen. Tun yana yaro, in aka ƙona miya a Gwale shi ne zai fara tari a gida. Da ya girma ya kama sayar da turare a kasuwar Kurmi sai abin ya ƙara lalacewa: kana miƙa masa hannu, shi yana shanshana iskar da ta rako ka. To, wannan bawan Allah aka jarraba da lungu.

Gidansu na gado ne, ginin ƙasa, bayansa yana kallon wani siririn lungu mai ɓullewa titi. Bangon nan kuwa shi ne na ɗakin kakarsa 'Yardada, wadda ta rene shi. Ba a san wanda ya fara tsugunawa a gindinsa ba, amma ya bar magada. 'Yan Adaidaita, masu tura kura, har masu babbar riga sai su tattare ta a kafaɗa su durƙusa. Zarnin wurin, ƙuda ma sai ya toshe hanci yake wucewa. Gindin bango ya yi baƙi, ya jiƙe sharkaf, yana marmashewa. Magini ya duba, ya tofar da yawu, ya ce yaɓe ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. In ba a daina ba, bangon ba zai ga ƙarshen damina ba.

"Angon banza," in ji 'Yardada, "kana sayar wa duniya ƙamshi, amaryarka tana kwana a masai. Bangon nan yana motsi zan koma Goron Dutse wurin goggonka Safiya, kuma ko da kuka ka zo ba na dawowa."

Maganar ta soke shi, don duk tsiyar da suke yi wa juna, ba ya iya cin tuwo in ba a ɗakinta ba.

Ya fara da gawayi: AN HANA FITSARI A NAN. Kafin mako ya zagayo an wanke rabin rubutun, kuma ba da ruwa ba. Nan Zaharaddeen ya yanke cewa laifin Hausa ne. Harshen da aka saba jin faɗa da shi tun ana goye, wa zai ji tsoronsa? Turanci ne mai warin hukuma. Ya tafi shagon Nazeer mai fenti, wanda suka gama sakandare tare, da ƙyar da jan gindi.

"Sign kake so ko signal?" in ji Nazeer.

"Meye bambancin?"

"Signal sai da fitila. Kana da wuta?"

"A unguwarmu? Rubuta sign kawai."

Sai kuma rigimar kalmar da za a ɗora a sama. Zaharaddeen ya rufe shago ya yini a kanta kamar mai zaɓar wa ɗa suna. Caution, in ji shi, lallashi ne, irin na jikin kwalin tangaran. Danger ta yi girma, ta taransifoma ce. Ya tsaya a kan Notice, don tana da natsuwa irin ta ofis.

Aka kafa allo fari tas. Jama'a suka ji daɗinsa ƙwarai, domin yana tare su daga idon masu wucewa.

Ya koma ya ce a sa Warning, da jan fenti, wai ita akwai sanda a ɓoye a bayanta. Washegari ya tarar da wani dattijo a tsugune yana karanta ta a hankali, harafi harafi, kamar mai duba jarida.

"Baba! Ba ka ga allo ba ne?"

"Na gani, yaro. Rubutun ya yi kyau. Juya mini baya mana, ba ka da kunya?"

Ranar ko abinci bai ci ba. Ya zazzage wa lungun kwalbar turaren da ya fi tsada, zarni ya haɗiye ta, aka samu wani sabon wari da ko suna ba shi da shi.

Daga nan sai Danger, har da zanen ƙoƙon kai. Ita ta ɗan yi aiki, don an zaci wayar lantarki aka binne. Sai wani mai ƙarfin hali ya gwada, ya tashi lafiya, ya sanar da gari.

Hadari ya fara haɗowa a gabas. Zaharaddeen ya bar Turanci ya koma dabarar mutanen da: ba mai yin fitsari a masallaci. Ya share wurin yana kakarin amai, ya jera duwatsu, ya fitar da alƙibla, ya tafi nemo tabarma. Don abin ya cika, kafin ya tafi ya ajiye butoci cike da ruwa.

Butoci! A lungun fitsari!

Da ya dawo da tabarmarsa a kafaɗa, layi ya tarar. Wani yana miƙa wa wani buta, wani yana ɗaure tazuge yana cewa, "Wanda ya kawo ruwan nan, Allah ya ba shi Aljanna. Da sai mutum ya yi ta neman hoge." Har daga wata unguwa aka riƙa zuwa, an ji labarin wurin da aka gyara.

'Yardada ba ta jira motsin bango ba. Ta ɗaure kayanta, ta hau Adaidaita, ta leƙo ta ce, "Na sake ka, mai butoci."

Ruwan farko mai ƙarfi, da la'asar, bangon ya zauna gaba ɗaya, gadonta na ƙarfe ya bayyana ga duk mai wucewa. Abin da ya rage a tsaye shi ne allon Danger, ko karkacewa bai yi ba.

Yanzu kullum bayan kasuwa Zaharaddeen yana hawa Goron Dutse cin tuwo, 'Yardada tana sa shi wanke ƙafa a zaure kafin ya shiga. Allon kuwa yana nan. Jiya ma an ga ƙafafun wani a ƙarƙashinsa.