Sunan Ƙawata a Cikin Na'ura

Shekarar da sojoji suka ce za su maida mulki hannun farar hula, ɗiyata ta samu aiki a wani buro, wato ofis, a Agiye. Ita ta haɗa shafin da ake duba sunayen masu zaɓe a ordinata, wato kwamfuta. Ni kuwa kullum ina bakin ƙofa da jikata a goye, don ban yarda a bar jaririya hannun maƙwabta ba. In zama ya ishe ni, sai in leƙa ciki.

Ban yi karatun lakol ba, amma lamba na san ta. In aka nemi suna bai fito ba, wani sa'in huɗu biyu ke bayyana da sifili a tsakani, wani sa'in biyar da sifili biyu. Magatakardan buron kuwa, ko wace ta fito, maganarsa guda: "Babu sunanki."

Ƙawata ta ƙuruciya ta zo daga wani ƙauye bayan Gazawa har sau biyu, a amalanke, ga ciwon gwiwa. Duka biyun, a kan idona, biyar ɗin ce ta fito. Ta ce mini, "Yaya, an shafe ni ke nan tun ina da rai." Ta gyara zanenta ta koma.

Da la'asar na tare ɗiyata. "Ke, lambobin nan biyu abu guda suke nufi?"

"A'a, Inna. Huɗun, an duba ne babu. Biyar ɗin, na'urar can Yamai ce ta kasa amsawa."

"To don me ake ce ma mutane babu?"

"Rubutu guda na sa musu duka. Gaggawa ake."

"Gaggawarki ta kori tsohuwa sau biyu."

Ta ɓata rai, ta ce in bar mata aikinta. Na bar mata, kallo ne dai ban bari ba. Kwana uku tana gyara. Yanzu in huɗun ta fito, rubutun ya ce a sake rajista. In biyar ɗin ce, ya ce a dakata, suna bai ɓata ba. Magatakardan ma ta ja masa kunne.

Na aika wa ƙawata da wani direban tasha, ta dawo a sake dubawa. Ta ce ƙafarta ba ta da zuwa na uku. Sai na sa ya karɓo takardar shaidarta, aka duba. Sunanta na nan tun farko. Katinta na zaɓe ni na kai mata ranar kasuwa. Ta jujjuya shi, ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ce Allah ya kai mu.

Sauran da aka sallama cikin makonnin nan, ba wanda ya rubuta garuruwansu.