Ranar da Lawali Ya Bari Aka Ƙarasa Magana

Waɗanda suka san Lawali bayan ya tsufa, dattijo mai shaƙaƙƙiyar murya da ke barin mutum ya kai aya kafin ya buɗe baki, ba sa yarda idan na ce da can ba haka yake ba. Ni na san shi tun farkon samun 'yancin kai, lokacin da muke haya gida ɗaya a unguwar Yantala ta Yamai, ɗakina yana kallon nasa. Ina tuyar ƙosai a ƙofar gida, shi kuwa ɗan kamasho ne a tashar mota, yana kiran fasinjojin Maraɗi da Damagaram. Allah ya ba shi murya. Idan ya kira mota a tasha, mukan ce har masunta a bakin kogi sun ji.

Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, ga ban dariya. Aibinsa ɗaya: bai taɓa barin wani ya ƙarasa magana ba. Ka ce masa jiya ka je kasuwa, zai ce ka iske tsada, ya sani, ya ɗora nasa labarin. Ko liman ya tsaya gaisawa da shi, Lawali ne zai yi tambayar, shi ne kuma zai ba da amsar.

Matarsa Hadizatu 'yar Tawa ce, doguwa, mai sanyin hali. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwa, ta je neman izini. Ta ce, "Malam, ina so in tahi..." Ya ce, "Tahi, tahi, ki gaishe su," yana zaton biki ne. Haka ta yi ta zuwa har ta iya haɗa baƙi, shi bai ma san ana yi ba.

Abin da muke ɗauka wasa ashe ya ishe ta. Wata safiya ta zo aron ludayin miya. Na ce ina nata? Ta ce yana cikin ƙunshin kayanta a bayan ƙofa, Tawa za ta koma. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. "Yaya," ta ce, "na gaji da zama da mutumin da bai san muryata ba." Har ta gwada faɗa masa. Da ta ce ta ɗaure kayanta, sai ya ce, "Na wanki? Madalla, haɗa da shuɗiyar rigata." Na yi dariya har da hawaye, sannan na lura ita ba dariya take yi ba. Hankalina ya tashi, don ina son su duka biyun.

Kafin ta sami motar tafiya, ciwo ya riga ta. Muryar Lawali ta fara dishewa, ya sha citta da zuma, ya ci gaba da ihu a tasha, har ranar da ya buɗe baki iska kawai ta fito. A asibiti aka ce wani tsiro ne a maƙogwaro. Aka yi masa aiki, likita ya ja masa kunne: ko kalma ɗaya kada ya furta sai damina ta wuce, in ba haka ba ya yi sallama da muryar har abada. Hadizatu ta ce mini ba a barin mutum a kwance, za ta yi jinyarsa, in ya warke ta kama hanya. Ƙunshin ya zauna a inda yake, ludayina kuma ya koma ɗakinta.

Wallahi gidan ya yi mana wani iri. Muka fara jin kukan kurciya a kan darbejiya, wadda ashe tuni tana nan. Lawali kuwa yana zaune a tabarma kamar tukunyar da aka rufe tana tafasa. Don kada ya haukace mana, Hadizatu ta ɗauko wani ɗan siririn littafin labarai da aka raba musu a aji, ta riƙa karanta masa bayan la'asar, ni ina jiƙa wake a gefe ina saurare.

Karatun ɗan koyo ne, yatsa a kan layi, kalma ɗaya sai an hau ta an sauka. Lawali ya yi ta juya hannu wai ta yi sauri. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Likita ya ce ka yi shiru, bai ce in yi sauri ba."

Labarin farko na wani masunci ne da dorina ta kifar masa da kwalekwale. Tun daga tsakiya Lawali ya shafa wuya da yatsa, wato ya gama sani, mutumin ya mutu. Sai ga shi masunci bai mutu ba, ruwa ya kai shi wani ƙauye, ya auri mai sayar da gishiri. Lawali ya saki baki. Daga baya ya ce mini wannan ne labari na farko da ya ji ƙarshensa tun yana yaro, kuma abin da ya ba shi kunya shi ne ƙarshen ya fi wanda ya yi niyyar liƙa masa daɗi.

Littafin bai fi tafin hannu kauri ba, amma damina ta yi nisa bai ƙare ba. Lawali bai iya karatu ba, sai dai ɗan kamasho ba ya rasa ido. Ya lura yatsan ya daina tafiya, shafin bai juya ba, karatun kuma ya daina tuntuɓe. Yanzu labarin wata yarinya ne daga ƙasar da ake haƙa rijiya mai zurfi kafin a ga ruwa, wadda ta sauka a tashar Yamai tana kuka don ta ɓace wa kawunta, wani mai babbar murya ya yi ta ba ta dariya har aka ga kawun. Ta auri mai muryar tana murna. Tana tsoron kogi, bai sani ba. Ba ta son kifi, kullum shi yake kawo mata, yana cewa ya san abin da take so. Da cikinta na fari ya zube, ta so ta faɗa masa sunan da ta yi wa ɗan tanadi, ya cika ta da ban haƙuri har ta haɗiye sunan. Ranar na ga Lawali ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. Ni ma na yi kuka a cikin wakena.

Ba duka ne na kuka ba. Ta iya kwaikwayon mai babbar muryar nan, yadda yake gaisawa da liman, har Lawali ya riƙe maƙogwaro yana dariyar da ba ta da sauti. Ana gobe zai koma wurin likita, labarin ya kai inda matar ta ɗaure kayanta, ta tsaya a bakin ƙofa. Nan Hadizatu ta rufe littafi. Lawali ya juya ya dubi bayan ƙofarsu, ya daɗe yana dubawa.

Likita ya sake shi, ya ce ya yi magana. Muka taru a tsakar gida muna jiran ambaliyar magana, mai gidan haya yana cewa mu yi ban kwana da barcin rana. Lawali ya shigo, ya ɗaga mana hannu, ya shimfiɗa tabarma, ya miƙa wa matarsa littafin. Ta karɓa, ba ta ko buɗe ba. Ya jira. Wata irin murya ta fito masa, ƙarama, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Da tat tsaya bakin ƙohwa, mi tac ce?"

Hadizatu ta fara faɗa. Ta yi magana har inuwa ta bar bango, ta tsaya, ta yi tunani, ta ci gaba. Sau biyu na ga leɓensa ya motsa, ya kama shi da haƙori. Har sunan ɗan ta faɗa, Shu'aibu, ya maimaita a hankali. Da ta gama, bai ce komai ba sai da ya tabbata ta gama.

"To, ta tahi?" ya ce.

Ta dube shi, ta dubi tukunyar da ke kan murhu. "Tashi ka kwance ƙunshin nan, Malam. Ludayina na ciki, miya za ta kama."

Washegari da sassafe ta maido mini nawa.