Jan Katina Bayan Wata Ashirin

Mun tashi da asuba daga Barnawa, ni da yayana, don mu samu jirgin ƙasa na farko a Rigasa. Ba wanda ya kawo maganar bin titin Abuja da mota, kowa ya san halin da hanyar take ciki. Akwati ɗaya na ɗauka, sai jakar hannu da ta cika da takardu.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, shekara goma sha tara ke nan ina zaune a Kuala Lumpur, babban birnin Malaysia, ina koyar da lissafi a wata kwaleji a Setapak. Mijina ɗan ƙasar ne, Ba'indiye, a coci muka haɗu. Ta dalilinsa na samu jan kati, wato katin zaman dindindin. Na zo Kaduna jinyar mahaifiyata da niyyar wata biyu, sai korona ta shigo aka rufe iyakoki. Fasfona ya ƙare ina zaune, sabo ya ɗauki watanni, neman izinin komawa ya ɗauki wasu. Mama ta warke sarai. Mijina da na baro lafiya lau, cutar ta ɗauke shi wata uku da suka wuce, a waya na kalli jana'izarsa. 'Yarmu mai shekara goma sha shida tana hannun ƙanwarsa.

Abin da ban sani ba shi ne ko katin yana nan da ransa. Wasu sun ce daɗewa a waje na kashe shi. Wasu sun ce tunda ta hannun miji aka samu, ya bi mijin. Duk wanda na tambaya yana magana da tabbaci, kuma babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya.

Jirgin ƙasan ya cika maƙil. Kowa da takunkuminsa a haɓa, sai an hango ma'aikaci a ja shi sama. A Abuja na karɓi sakamakon gwajin koronar da aka yi min kwana biyu kafin nan, wanda kuɗinsa ya fi na buhun shinkafa. Yayana ya raka ni filin jirgin sama har inda ake tsayar da 'yan rakiya, ya yi min gajeriyar addu'a, ya ce, "In sun maido ki, ki kira ni tun kafin ki taso, in san ranar zuwa." Haka yake, ba ya ƙawata magana.

Mun yada zango a wata ƙasar Larabawa na awa shida. Rabin shagunan filin jirgin a rufe, an liƙa takarda a kan kowace kujera ta biyu kada a zauna. Na sayi shayi kofi ɗaya, da na juya farashin zuwa naira sai na riƙa kurɓarsa a hankali. A nan na gamu da wani dattijo ɗan Jos, injiniya ne, shi ma Malaysia zai koma da bizar aiki. Ya duba takarduna ɗaya bayan ɗaya kamar shi zai buga hatimin, ya ce duk sun cika. Ban san dalili ba, amma na ji sanyi.

Jirgi na biyu kusan fanko ne, kowa ya samu kujera uku ya miƙe. Mun sauka da hantsi. Filin jirgin da na sani da hayaniya ya koma kamar asibiti: mutane sanye da fararen rigunan leda har ka, ba ka ganin komai nasu sai ido. Aka jera mu, aka sake zura mana tsinken gwaji a hanci, aka sa kowa ya buɗe manhajar bin sawun cutar a wayarsa.

Daga nan sai teburin shige da fice. Injiniyan ya wuce cikin minti biyar. Ni jami'in ya juya katina gaba da baya, ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani ɗaki mai kujerun roba da sanyin na'ura, inda wata babbar jami'a mai lulluɓi take zaune. Da harshen Malay muka yi magana, tana ce min Puan, wato uwargida.

"Puan, wata ashirin. Me ya riƙe ki?"

Na miƙa mata takardun asibitin Mama, tsohon fasfo da sabo, da izinin shigowa.

"Mijinki ne zai zo ɗaukarki bayan killacewa?"

"Ya rasu."

Ta ɗago. Na ba ta takardar shaidar mutuwar da ƙanwarsa ta turo min. Ta karanta har ƙasa, ta tambayi ko akwai 'ya'ya, na ce ɗaya, 'yar ƙasa ce. Ta kwashi takardun ta fita. Na yi kusan awa ɗaya ina kallon wata taswira a bango. Ban yi kuka ba, ban ma yi wani dogon tunani ba, yunwa kawai nake ji. Da ta dawo ta ajiye katin a gabana ta ce sunana ne a kansa, ba na mijina ba, sai dai in je babban ofis in gyara bayanai in na fito. Ta buga hatimi, ta ce, "Boleh," wato shi ke nan, na wuce.

Bas ta kwashe mu zuwa otal ɗin killacewa da zoben roba ruwan hoda a wuyan hannun kowa. Gonakin kwakwar manja suna nan yadda na bar su a gefen hanya, motoci ne suka ragu. Kwana bakwai na yi a ɗaki ɗaya. Sau uku a rana ake ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye abinci a kan kujera a gudu: shinkafa da kaza, shinkafa da kifi, ranar da aka so canji kuma shinkafa da ƙwai. Yajin da Mama ta cusa min a akwati shi ya cece ni. Kullum da yamma 'yata tana kira. Ina mata Hausa tana amsawa da Turanci kamar da, amma hirar ba ta wuce ko na ci abinci.

Rana ta takwas aka datse zoben da almakashi, na kira mota ta waya. Mun bi ta Chow Kit. Kasuwar tana ci, sai dai an kewaye ta da igiya, ƙofa ɗaya ake shiga. A Setapak na ƙirga kedai, wato shaguna, huɗu da na sani an ja musu ƙofa, har da shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ɗalibanmu suke cikawa. Direban ya ce masu tapau ne kawai suka rage, wato masu saye a ƙulle musu su tafi gida.

A gidanmu na Wangsa Maju ƙanwar mijina ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume ni, ta ba ni makullai, ta ce ta bar mu mu gana. 'Yata ta fi ni tsawo yanzu. Ta karɓi akwatina, ta nuna min inda ake ajiye kofuna, don ta sauya musu wuri, ta gaya min ranar da ake fitar da shara. Na bi ta ɗaki ɗaki kamar sabuwar 'yar haya. Hannuna ya kai ga kabad zan maida kofunan inda suke da, na fasa.

Bayan mun ci abinci ta shiga ɗaki ta fito da wata jakar leda ta asibiti, bakinta a ɗaure. Agogon babanta ne a ciki, da tabarau, da waya.

"Mummy, ban buɗe ba," ta ce, da Hausarta mai gargada. "Ke nake jira."

Muka zauna a ƙasa muka kwance ta tare.

Mai shirin irin wannan tafiya ya ɗauki kowace takarda, har wadda yake ganin ba ta da amfani, ya kuma daina tambayar waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban teburin ba. Ni wata ashirin na yi ina fargabar jami'an filin jirgi, ban taɓa zama na yi tunanin yadda zan shiga gidana ba. Na filin jirgin awa ɗaya ya ci. Na gidan yau kwana tara, kuma har yanzu sai na tambayi 'yata inda take ajiye gishiri.