Autana da abokan wasansa

Autana bai tsallake rigakafi ko ɗaya ba. A ajin yaƙi da jahilci aka hana mu sayen kafso a teburin masu tallan magani. Maƙwabtana a Madarumfa sukan ɓare shi cikin koko da yaro ya yi tari, ni ban taɓa ba.

Muna tsakar roron wake zazzaɓi ya kama autana, haƙarƙarinsa na shigewa in ya ja numfashi. A likita, wato asibitin garinmu, aka yi masa allura, aka sake wata, jikin bai yi sanyi ba.

Na ce wa majo, babban ma'aikacin wurin, "Malam, ai an yi masa rigakafin."

Ya ce, "An yi, baiwar Allah, amma ƙwayar cutar iri-iri ce. Tana zaune a hancin yara masu lafiya, kuma wannan ta saba da magani don yawan shansa a gari."

Majo ya tura mu babban asibitin Maraɗi. Ba mu kai ba, a cinyata autana ya cika cikin mota.

Har yanzu abokan wasansa suna shigowa gidanmu da majina. Nakan share musu da bakin zanena, in ba su gyaɗa, sannan in shige ɗaki in zauna.